Je Ka Gaya Wa Ƙanwata

Ranar da muka kai yayana makwancinsa muka dawo, ina zaune kan tabarma cikin mata a tsakar gidanmu na Samaru, sai ga wani soja ya shigo da kakinsa, kafaɗa duk taurari. Mata suka janye ƙafafu, aka buɗe masa hanya zuwa wurin matar marigayi. Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata. Daga nan ya waiwayo, ya tako har gabana, ya durƙusa, ya miƙo mini tafin hannunsa na dama a buɗe. Matar fasto da ke gefena ta ɗauka gaisawa yake so mu yi, har tana zungurina. Ni kuwa na san abin da ya kawo shi. Na ce masa, “Ɗana, yau ban soya ba.” Sai ƙaton mutumin nan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, taurarin na rawa tare da su.

Shi ya buɗe ƙofa. Bayansa wata 'yar Ibo mai shagon magani a Sabon Gari ta zo ta miƙo nata hannun. Sai wani alhaji da aka ce lauya ne a Kaduna, babbar riga har ƙasa. Sai wasu tagwaye 'ya'yan Yarabawa daga Unguwar Gabas, waɗanda na sani tun suna karɓa-karɓar takalmi. Kowa ya durƙusa, ya buɗe hannu, ya tashi ba komai a ciki. Sabon fastonmu, wanda bai daɗe da zuwa daga kudancin Kaduna ba, ya matso ya tambaye ni a hankali ko al'adar garinmu ce. Na ce masa a'a, al'adar gidan nan ce kaɗai.

A waje maza na ta musu a ƙarƙashin rumfar makoki. Wani ya ce Baba Tica, kamar yadda ake kiran Yaya, mutum ne mai tsanani, wani ya ce a nuna masa yaro ɗaya da ya taɓa duka. Mai shayin bakin layinmu, Musulmi, maƙwabcinmu tun ana haƙa harsashin gidan, ya ce shi damuwarsa daban ce: ya saba in ya ji yara sun fara amsa wa allo baki ɗaya, ya san la'asar ta yi, ya ɗauki buta. Matar Yaya ba ta yi kuka mai sauti ba. Guntun allin da aka samu a aljihun rigarsa ta riƙe, tana juya shi har yatsunta suka yi fari.

A coci an karanta tarihinsa. An faɗi makarantun da ya koyar, da garuruwan da aiki ya jefa shi, da hidimar da ya yi wa majami'a. Duk gaskiya ne. Amma na kasa kunne har aka rufe da addu'a ban ji an ambaci ƙuli-ƙuli ba, kuma duk wanda ya ba da labarin yayana bai sa ƙuli-ƙuli a ciki ba, labarin wani ya bayar. Shi ya sa na kira jikata na ce ta ɗauko biro. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Baki gare ni, ita ke da hannu. Na ja mata kunne kada ta gyara mini magana, ko da mun zo kan nata labarin, don za mu zo.

Mu biyu muka rage a ɗakin innarmu. Lokacin da 'yan mishan suka zo ƙauyenmu suna neman yaro ɗaya a kowane gida, babanmu ya ba da namiji, ni aka bar ni da gyaɗa. Yaya ya tafi ya zama malamin Turanci a sakandare, ni na zama mai ƙuli-ƙulin da ba ya kwana a faranti. Da ya yi ritaya ya gina gida a Samaru. Da maigidana ya rasu ya zo da kansa ya kwaso ni da turmina, ya ba ni ɗaki a baya kusa da madafa. A gaban gida kuma ya kafa rumfar kwano, ya jera bencuna, ya shafa wa bango baƙin fenti. Nan yaran da za su rubuta jarrabawar fita sakandare ke zuwa bitar Turanci da yamma, su da ƙannensu na ƙananan azuzuwa. Daga Basawa suke zuwa, daga Zabi, daga cikin Sabon Gari, don kowa ya sani, ko yaro ya ci komai, in Turanci ya kayar da shi ba ƙofar da za ta buɗe masa.

Sauran masu lesin tambayoyin shekarun baya suke tara wa yara su haddace. Yaya ba haka yake ba. Ko yaro ya zo da gemu, daga tushe zai faro masa: wace kalma ce sunan abu, wacce ce ta aiki, wacce ke tsayawa a madadin suna in suna ya gaji, yadda ake faɗin abin da ya wuce da wanda ake ciki da wanda ke tafe. Nahawu suke ce masa. Yakan ce bango ba ya tsagewa daga sama, a sama dai ake ganin tsagar. Bencin gaba na masu tushe ne. In yaro ya ƙware sai ya matsa na bayansa, har ya kai na ƙarshe inda masu shiga jarrabawa ke zama.

Yana wanke hannu kafin ya taɓa alli, kamar mai shirin cin tuwo. Yana da siririyar sandar gora ta nuna allo, ba ta taɓa sauka a jikin ɗan kowa ba. Abin da ya fi tsana shi ne yaro ya ce ya sani amma ba zai iya faɗa ba. Sai ya ce masa wanda ya san hanyar kasuwa ai zai iya kwatanta wa baƙo. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, ba ya iya wuce kuskure. Ba mai son raka shi kasuwar Sabon Gari, don yana ganin allon shago da rubutu a karkace zai tsaya ya zaro alli. Ya taɓa sa direban bas ya tsaya a hanya saboda rubutun bayan wata motar itace, fasinjoji na zaginsa yana ba su haƙuri, yana kuma gyarawa.

Sojan nan da na fara da shi, shi ne mafarin zancen ƙuli. Ɗan saurayi ne lokacin, ɗan wani kofur a barikin Basawa, baki kamar aku. Wata yamma ya miƙe ya zubo wata ƙa'ida da Turanci tiryan-tiryan, yara suka tafa masa. Yaya ya ce madalla, yanzu ya zagaya bayan gida ya gaya wa ƙanwarsa abin da ya faɗa, da Hausa. Ina tsaka da matsar tunkuza yaro ya zo ya tsaya mini a ka, ya sake zubo Turancin nan. Na tambaye shi ko zagina aka aiko shi ya yi. Ya gwada da Hausa, ya kama nan ya saki can, gumi ya keto masa. Na ce ban gane ba. Ya koma, ya dawo, na ce ban gane ba. Sai da rana ta yi sanyi ya zo ya tsuguna, murya ta sauka. Ya ce a Turanci kalma kan yi wutsiya a ƙarshenta, amma wutsiya ɗaya ce a gida: in mutum ɗaya ke aiki, wutsiyar na jikin aikin, in kuwa suna da yawa sai ta koma jikin masu aikin, aiki ya zauna gundul. Na ce ashe gidan talakawa ne, zane ɗaya ake aro. Tausayinsa ya kama ni, na ɗauki ƙuli mai ɗumi na sa masa a hannu. Da ya koma rumfa da shi, Yaya ya karɓa, ya juya shi, ya mayar masa, ya ce daga yau wannan ce shaida.

Haka aka yi shekara da shekaru. Je ka gaya wa ƙanwata, je ki gaya wa ƙanwata. Yaro ba ya matsawa daga benci zuwa benci sai ya dawo da ƙuli a hannu. Na ji abubuwa a bakin kaskon nan. Na ji cewa kalmar aiki a Turanci tana sake riga in aikin na jiya ne, wasu ma ba riga kaɗai ba, har fuska suke sakewa, sai dai ka san su ɗaya-ɗaya kamar 'yan unguwa. Na ji cewa Bature ya san “shi” ya san “ita” in suna nesa, amma in yana kallon idonka, da namiji da mace da taron jama'a duk kalma ɗaya yake jefa musu. Wannan na gane, amma na ce a gaya wa Yaya rashin tarbiyya ne. 'Yar Ibon nan mai shagon magani, ranarta ta farko ta zo ta ce mini “Mama, ka ji.” Na ce ta koma ta nemo mai gemu a gidan. 'Ya'yan Sabon Gari da yawa sun zo neman yare ɗaya sun tafi da biyu.

Ba na ba da ƙulina don kyan fuska. Wata uwa ta taɓa aiko mini da turmin atamfa, na mayar mata na ce ba tsirara nake ba. Tagwayen nan kuwa dabara suka yi, suka sayo ƙuli a tasha suka kai rumfa suna wani lashe baki. Ba su san kowane ƙulina da tambarin babban yatsana a tsakiya ba. Yaya ya juya na farko, ya juya na biyu, ya ce wannan ba yatsan ƙanwarsa ba ne. Ya turo mini su suka yi ta ɓarar gyaɗa, suna yi suna bayani, wannan na gyara wa wancan, har na sallame su. In azumi ya zo yakan tashi aji da wuri don 'ya'yan Musulmi su kai gida kafin shan ruwa, ya kuma ce in riƙa naɗe musu nasu a takarda. Alhajin nan lauya ya gaya mini da ƙulina ya sha ruwa ba sau ɗaya ba. Shi Yaya kansa bai taɓa cin ko ɗaya ba. Yakan duba ya mayar wa mai shi, ya ce wanda ya yi gumi shi ke taunawa.

Na taɓa tambayarsa, gari cike da masu digiri, ga jami'a a ƙarƙashin hancinmu, me ya sa sai ni. Ya ce su 'yan boko ciwonsu ɗaya, gyaɗa kai. A faɗi abin da ba su fahimta ba, su gyaɗa kai don kada a raina su. Ni kuwa tun muna yara bai taɓa ganin an sa na ce na gane abin da ban gane ba, ko da babanmu ne tsaye da bulala. Na ɗauka iyakar dalilin ke nan. Sai a zaman makokin nan matarsa ta gaya mini, wata rana ya ce mata da mai kai 'yan mishan suka ɗauka a gidanmu, ni za su ɗauka. Wai rabona ya tafi da shi, ya kuma san in ya ce in zauna ya koya mini zan kwaɗa masa muciya, shi ya sa yake aiko mini da shi ta hannun yara. Na ce mata ni ban aike shi ba. Amma na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

To, mu zo kan mai riƙe da biron nan. 'Yar ɗana na fari ce, mai shagon yadi a kasuwar Sabon Gari. Tun tana ƙarama aikin jinya take so. Akuyarmu ta sha ɗauri da tsumma ba ciwon komai. Ta rubuta jarrabawa ta ci komai, Turanci ya kayar da ita. Ta sake, ya sake kayar da ita. Duk lokacin nan ba ta taka rumfar Yaya ba. Wani babban wurin lesin take zuwa a Sabon Gari, mai fanka da janareto, ta ce ita ba za ta je makarantar ƙuli-ƙuli ba. Ubanta ba mugu ba ne, amma mahaifiyarta ba lafiya, shago na neman hannu. Ya ce ta uku ita ce ta ƙarshe. In ta faɗi, ta manta da farar riga, ta zauna a shago. Har kujera ya sa kafinta ya yi mata, ya ajiye a bakin shagon inda za ta riƙa gani. Sannan ya kawo mini ita Samaru da jakarta.

A gida Yaya amaryarsa yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai warin alli. Wasan kaka da jika. A rumfa kuwa ba wasa. Ya ba ta alli ta rubuta 'yan layuka, ya yi mata tambayoyi. Duk abin da ya tambaya ta san amsarsa, amma da ya ce don me, sai ta sake maimaita amsar. Ya nuna mata bencin gaba. Budurwa ce doguwa, ta haura ashirin. Ta zauna cikin 'yan aji ɗaya gwiwoyinta na neman haɓarta. Wani ɗan mitsitsi ya tambaye ta ko ƙaninta ta zo ɗauka, aka tuntsire da dariya. Ta shigo ɗakina tana irin kukan da ba ya fita.

Na ɗaure zane na fita. Ban jira a tashi ba, na tsaya a bakin rumfa yara na kallo.

“Yaya, jinina ka zaunar cikin masu majina?”

“Jinina ce ni ma, Auta. Ki bari a tashi mu yi magana.”

“A gaban yara ka kunyata ta, a gabansu za ka ji. Ka mayar da ita cikin sa'anninta.”

“In na mayar da ita can, shago na mayar da ita.”

“To ka nemi wata ƙanwar.”

Na koma na kife kasko, na jingine taɓarya. Duk yaron da ya zagayo na ce masa ban soya ba. Yaya ya gwada da matarsa, ita kuwa zuciyarta kamar man shanu a rana, yaro na buɗe baki take cewa ta gane. Ya gwada da mai shayi, shi kuma hankalinsa na kan tukunyarsa. Ni da Yaya muka koma gaisuwar safe kaɗai, ita ma a tsaye. Matan zumunta suka zo sulhu, na ba su ruwa, na raka su ƙofa. Jikata na ƙunshe a ɗaki da littattafan tambayoyin baya, tana hadda kamar yadda ta yi sau biyu, tana ramewa, lokaci kuma ba ya jiran kowa.

Wata Asabar da hantsi ina tsince wake a bakin madafa, sai na ga inuwa. Yaya ne. Ya cire hula, ya tsuguna a gabana da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, mutumin da ya goya ni ina jaririya. Ya buɗe tafin hannu. Ya ce ya zo ya gaya wa ƙanwarsa dalilin bencin gaba. In na gane in sallame shi, in ban gane ba zai koma ya sake shiri.

Ya tambaye ni, in tunkuza ta ƙi ba da mai, ƙarfi nake ƙarawa? Na ce sai mahaukaciya. In gyaɗa ba ta soyu ba tun farko, ko hannunka zai karye ba za ka ga mai ba, daga kasko matsalar take. Ya ce to sau biyu ana matsar yarinyar nan, kowa na ce mata ta ƙara ƙarfi. Gyaɗa ce mai kyau, mai na ciki, wuta ce ba ta ratsa ta ba.

Na gane, ya kuma ga na gane. Amma na ce masa da ya zo ya faɗa mini haka kafin ya zaunar da ita. Malamin da ke turo kowa wurina, shi ne ya manta hanya. Ya ce wannan gaskiyata ce, ya karɓa. Hannunsa na nan a buɗe. Na ce ban soya ba. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ranar Litinin tun da safe na hura wuta.

Na ce wa jikata ta zaɓa, bencin Yaya na 'yan watanni ko kujerar ubanta ta har abada. Ta ɗaure fuska, ta ɗauki littafi ta fita. Ban taɓa tsananta wa yaro kamar yadda na tsananta mata ba. Takan zo da bayani a haddace, in ce ta faɗa mini da wasu kalmomin, ta rikice, in ce ban gane ba. Wata rana ta ce mini, “Ƙawata, taurin kanki ya fi na ƙulinki.” Na ce mata gado ta yi. Ƙulinta na farko ba ta ci ba, ta ƙulle shi a bakin ɗankwali tana yawo da shi. Daga nan sai ga ta tana matsawa, benci bayan benci, har ta iske sa'anninta. Ƙananan da suka yi mata dariya su suka koma bin ta ta duba musu aiki.

Ana cikin zafin bazara, jarrabawa ta ƙarato, wata yamma alli ya faɗi daga hannun Yaya. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Hawan jini, in ji likita. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin damansa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mutumin da duk rayuwarsa da baki ya ci abinci, sai ido. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Ɗana ya aiko cewa tunda malami ya kwanta, yarinya ta dawo ta kama masa shago, in ranar jarrabawa ta zo ta je ta gwada sa'arta. Ni da na san yadda shago ke cinye mutum daga safe zuwa magariba, na san in ta tafi ta tafi ke nan.

Yaya ya yi ta buga sandarsa a jikin gado har matarsa ta gane rumfa yake so. Aka ɗauke shi a kujera aka kai shi. Yaran da suka rage na zaune a bencunansu. Ya ɗaga sanda da hagu, ya nuna jikata, ya nuna allo. Ta waiga ta ga ko wani ake nufi a bayanta, ba kowa sai katanga. Ya sake nunawa. A duk rumfar nan ita kaɗai ta biyo hanyar daga tushe har sama sawunta bai bushe ba. Ta tashi, ta je ta wanke hannu, ta ɗauki alli. In ta kauce ya buga sanda a ƙasa, ta tsaya ta nemo inda ta ɓata da kanta. In tana kan hanya ya lumshe ido. Da ta gama ta dubi wani yaro, ta ce ya je ya gaya wa kakarta. Yaya ya buga sanda. Ta gyara ta ce ya je ya gaya wa ƙanwarsa. Ya lumshe ido.

Ubanta ya zo da kansa ɗaukarta a kan babur. Ya tsaya a bakin rumfa, makulli a hannu, yana kallon 'yarsa tana warware wa ƙattai abin da ya kayar da ita sau biyu, kawunsa na gefe da sanda. Ya zagayo wurina ya gaishe ni, ya ce kasuwa ba daɗi, na ce Allah ya kawo ciniki. Ya hau baburinsa ya koma shi kaɗai.

Ta rubuta jarrabawa da farkon damina. Muka zauna jira, aka yi noma, aka fara gasa sabuwar masara a bakin titi. Lokacin an fara duba sakamako a shagon kwamfuta, a kankare wani ɗan kati. Da rana tsaka ɗan acaɓa ya kawo ta, bai gama tsayawa ba ta dire, takarda a hannu, takalmi ɗaya a kwata. Ta wuce ni a ƙofar gida kamar ba ta san ni ba, ta zube gaban Yaya a rumfa tana miƙa masa. Bai kalli takardar ba. Ya ɗaga sanda ya nuna bayan gida.

“Haba Kaka, yau ma?”

Ya buga sanda.

Na riga ta komawa bakin kasko, na zauna kamar ban san komai ba. Ta zo ta tsuguna. Na ce ta ajiye takarda, ba na jin yarenta. Ta gaya mini Turanci ya sake ta, ba ma da ƙyar ba, da daraja. Ta gaya mini da wannan sakamakon, makarantar jinya za ta karɓe ta. Na bar ta ta gama, sannan na ce saura abu ɗaya da ban gane ba.

“Kujerar nan ta shagon ubanki, wa zai zauna a kai?”

“Ba ni ba, ƙawata.”

“Na gane.”

Na zaɓo wanda tambarin yatsana ya fi fita na sa mata a hannu, na bi bayanta zuwa rumfa, abin da ban taɓa yi wa wani yaro ba. Yaya ya karɓa da hagu, ya juya shi, ya duba tambari kamar kullum. Ta buɗe hannu tana jiran ya mayar mata. Sai ya kai shi bakinsa, ta gefen da ke motsi. Matarsa ta taso kada ya shaƙe, ya tare ta da sanda. Haƙoran da suka rage masa ba su da yawa. Ya tsotsa, ya jiƙa, ya gutsura kaɗan-kaɗan, muna tsaye a kansa, har ya cinye. Sannan ya dube ni da idon nan nasa. Na ce masa na Asabar ɗin nan ke nan ya ci, kada ya sake zuwa mini da hannu a buɗe.

Ya yi 'yan shekaru bayan haka, kullum da yamma yana kujerarsa a rumfa, tsofaffin ɗalibansa na karɓa-karɓar alli, shi yana riƙe da sanda. Bai sake magana ba, bai kuma bar kuskure ya wuce ba. Jikata ta gama ta sa farar riga. Ita ke juya shi a gado a watanninsa na ƙarshe, tana tsokanarsa wai ango ya tsufa, ita kuma ta rufe masa ido da safiyar da Ubangiji ya kira shi. Kujerar shago tana nan a Sabon Gari, ɗana ya ɗora mata bandir ɗin yadi.

Ubangiji ya ba Yaya hutawa, ya ta'azantar da matarsa da 'ya'yansa, da duk wanda ya taɓa zagayowa bayan gidan nan hannu a buɗe. Ajiye biron haka nan, ƙawata, ki jawo buhun can ki taya ni ɓara. Litinin yara za su dawo.